Sunan da Ya Ci Gaba da Zuwa Aiki

Ku samarin da kuke zama a shagon intanet na bakin titinmu a Madain Fahd, kuna cika wa mutane takardar neman tallafin marasa aikin yi, ina jin abin da kuke faɗa in na wuce. Kuna cewa sana'ar Kawu Haruna ta mutu, yanzu danne-danne ne kawai, ko yaron goye ya iya. Ban yi fushi ba. Malaminmu na ajin manya, inda nake koyon karatu da rubutu bayan la'asar, ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani. Ni bin takarda na sani. Shi zan rubuta muku a hankali, gwargwadon yadda hannuna ya iya.

A nan Jidda ana ce wa mai wannan sana'a mu'aƙƙib, wato wanda yake bin takardun mutane daga ofis zuwa ofis har su fito. Na shiga cikinta ina saurayi, bayan mun zo hajji da mahaifina muka zauna, wani kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ya yi mana iƙama, takardar izinin zama. Ubangidana Ammu Ɗahiru ne, wato Kawu Ɗahiru da Larabcin nan, Bahaushen Sudan, dogo, mai ƙaramar murya. Yana da tebur da laima a gindin katangar wani ofis a Bagdadiyya. Shi yake rubuta wa mutane takardar roƙo da kyakkyawan Larabci, ni kuma nake tsayawa a layi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Na farko koren fayil mai ƙugiya, wanda duk mai neman aiki a ƙasar nan ya san nauyinsa a hammata. Sai abin huda takarda, da abin ɗinke ta, da tawadar dangwale, da ƙananan hotuna, da gorar ruwa. Huda takarda ma ilimi ne. In hudar ta taɓa gefen hatimi, ma'aikaci zai turo maka fayil ɗin ta ƙasan taga ba tare da ya dube ka ba, ka koma ƙarshen layi. Tunda ban iya karatu ba, zare nake ɗaurawa a ƙugiyar kowane fayil: ja na Malam wane, baƙi da ƙulli biyu na Hajiya wance. Da haka na yi shekaru, kuma ban taɓa miƙa na wani a madadin na wani ba.

Ranar da na fara shiga layi ni kaɗai, Ammu Ɗahiru ya riƙe hannun rigata. Ya ce, "Haruna, in an kira sunan mai fayil a taga, kada ka kuskura ka ce na'am. Ka ce wakilinsa ne. Ko gaggawa kake yi, ko rana ta dafa ka, ka ce wakilinsa ne."

Na ce, "Ammu, ai duk ɗaya ne, takarda dai za su miƙo."

Ya ce, "Ba ɗaya ba ne. Suna ba ya son zama babu mutum a cikinsa. In ya sami wanda ya amsa, ya sami gida."

Sai ya ba ni labarin Sabo, wanda ya riƙe masa layi kafin ni. Wata rana aka kira sunan wani mutumin Chadi da Sabo yake bin takardarsa, don ya rage magana sai ya ce na'am. Ashe ana neman mutumin. Nan take aka riƙe Sabo. Ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, aka ce ai da bakinsa ya amsa. Kafin Ammu ya gano inda aka kai shi, an saka shi a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba. Bayan shekaru wani alhaji ya ce ya gan shi a wata kasuwa a can yana sayar da albasa. Ya yi ta kiran Sabo, Sabo, bai waiwayo ba. Sai da ya tuna ɗaya sunan ya kira, sannan ya ɗago kai.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce shekarar ambaliya. Ruwa ya shiga ɗakin da nake ajiye fayilolin mutane, ya kwanta a kansu. Da na zo ɗagawa, tawada ta narke, zaren da na ɗaura duk ya koma launin laka. Hotuna sun manne da juna, in na ɓamɓare sai in ga idon wannan a fuskar wancan. Na shanya su a kan rufi, masu su suna zuwa suna dubawa, wani ya ɗauki hoto ya daɗe yana kallo ya ce bai tabbata ko shi ne ba. A shekarar Ammu Ɗahiru ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ofisoshi kuma suka fara cewa a koma wa na'ura. Laimomin bakin katanga suka riƙa raguwa. Ni da furfurata na koma dakon buhuna a kasuwar Bab Makka.

Abin da ya dawo da ni shi ne tallafin nan da gwamnati ta fara ba 'yan ƙasa marasa aikin yi. Ku kuke cika wa mutane a na'ura, gaskiya ne, kuma kun fi ni sauri. Amma in na'ura ta ce a'a, ba ta da kunnen da za a yi mata bayani. Sai su ɗauko koren fayil su nemi ƙafata. Wani sunan da ke bankinsa ya bambanta da na katinsa da harafi ɗaya. Wata lambar wayar da ta bayar da sunan mijin yayarta aka saye ta, saƙo yana tafiya can, ita tana zaune tana jira. Wani ya bar makaranta tuntuni amma makarantar ba ta cire shi ba, har yanzu ɗalibi ne a wurinsu. Wata mahaifinta ya buɗe shago da sunanta tun tana ƙarama, aka ce mata ai ke attajira ce. Da yawa kuma mantawa suke yi su shiga su nuna suna nan kowane mako, sai a rage musu. Kowanne da ofishinsa, da tagarsa, da ranar da ma'aikacin yake da sauƙin kai. Mafi wuya shi ne wanda aka ce masa yana da aiki alhali yana kwance a gida.

Irin wannan Hajiya Uwale ta kawo min. Tana sayar da kuka da daddawa da yaji a Bab Makka, mijinta marigayi ɗan ƙasa ne tun daga kakansa, don haka ɗanta Hamza ma ɗan ƙasa ne. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ta kakkarye masa a baki.

Ya ce, "Wallahi ya ammi, ni babu shugul, babu aiki, abadan. Na'ura ta ce ni mai gadi. Fen, a ina? Ni ko kaza ban gadi ba."

Ba tallafin kaɗai ya rasa ba. Duk inda ya kai fayil neman aiki, in suka duba sai su ce sunansa yana hannun wani kamfani, ba za su iya ɗaukarsa ba. Sunan yana can ɗaure, shi yana nan.

Tambayar farko da Ammu ya koya min ita na yi: "Wa ka taɓa ara wa katinka?"

Ya ce babu. Hajiya ta ce masa ya je ya sayo mana shayi. Da ya yi nisa ta matso da kujerarta.

Ta ce, "Malam Haruna, ka tuna Isiyaku?"

Na tuna shi. Ɗan maƙwabciyarta ne, wadda aka kama aka mayar gida yana jariri, ba ta da takarda, shi ma ba shi da ita. Hajiya ta haɗa shi da Hamza ta shayar da su tare. Yaro ne mai barkwanci, Hausarsa kamar a Katsina aka yanke masa cibiya. Duk inda ya hango ni da fayil a hammata sai ya ɗaga murya, "Kawu mai kore, yau wa za ka raya?"

Ta ce da ya girma babu mai ɗaukarsa aiki, sai ta zare katin Hamza daga aljihun rigarsa ta ba shi, ya kai wani sito a kudancin gari aka ɗauki hoton katin, ya dawo mata da shi kafin Hamza ya tashi daga barcin rana. Ku kada ku yi saurin zaginta. A cikinmu ara wa ɗan'uwa kati kamar ara masa babbar riga ce ranar idi, balle wanda kuka sha nono ɗaya. Kamfanoni kuma suna buƙatar sunayen 'yan ƙasa a takardunsu, ba sa matsa wa kansu da duban fuska.

Na ce, "To ai da sauƙi, Hajiya. Sai Isiyaku ya..." Sai na tuna ni ma na bi gawarsa. Ruwan ambaliya ne ya tafi da shi a hanyarsa ta zuwa aiki.

Ta ce, "Ka gani ko? Yaron nan yana ƙasa tun shekarar ruwa. Amma an ce Hamza bai taɓa fashin aiki ba, har watan jiya. Wa yake zuwa?" Ta kama gefen mayafinta ta matse. "Ba kuɗin nake so ba. Ka fito min da sunan ɗana daga wurin nan."

Ga inda sana'a take, ku saurara. Hanya biyu ce. Ta farko a shigar da ƙara a ce an yi amfani da sunansa ba da saninsa ba. Wannan ku ma kun iya, dannawa ɗaya ce. Amma masu bincike za su je, duk wanda suka tarar a cikin sunan za su tafi da shi, kuma tambaya za ta biyo sawu har teburin daddawar Hajiya. Ta biyu a je a ga wurin da ido, mai sunan ya shiga ofis da ƙafarsa ya dangwala cewa ya ajiye aiki, a sake shi cikin lumana. Ta biyun na zaɓa.

Da hantsi muka ɗauki mota ni da Hamza, na gaya masa komai a hanya. Can kudu babu gidaje, sito ne bayan sito, dogayen katangu, babu ko kyanwa a titi. A jikin kowace katanga akwai layin busasshiyar laka daidai ƙirjin mutum, inda ruwa ya tsaya a waccan shekarar, ba wanda ya wanke. Muka sami wurin ana shirin azahar. Mai kula da ma'aikata yana cin abinci a ofis, na tambaye shi Hamza. Bai ɗago ba, ya nuna da cokali. "Ƙofar baya."

Muka zaga. Ɗakin mai gadi ƙarami ne, ƙofarsa a buɗe. Ga kujera, ga darduma a shimfiɗe, ga kofin shayi yana tururi, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Babu kowa. Ƙofar siton tana buɗe kaɗan, ciki duhu da sanyi, warin jiƙaƙƙen kwali yana fitowa. Na yi sallama, shiru. Sai na yi abin da bai kamata in yi ba tunda mai sunan yana gefena, na ɗaga murya na ce, "Hamza!"

Na kusa da ni ya ce, "Na'am," don bakinsa ya saba. Muka tsaya. Rediyo yana ta maganarsa. Har na juya zan ce mu koma ofis, sai daga can ƙuryar siton wata murya ta ce, "Na'am."

Hamza ya kama hannuna. Muka ji takun silifa yana tahowa a hankali, ya daɗe bai iso ba. Wanda ya fito tsoho ne, ya girme ni, siriri, da shuɗiyar rigar gadi da ta yi masa yawa. A ƙirjinta an ɗinka suna. Lokacin na fara gane haruffa, kuma wannan na karanta shi da kaina.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Kai ne wa?"

Ya ce, "Hamza."

Na ce, "Na gida nake tambaya. Wanda aka raɗa maka."

Ya dubi ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Sai ya dubi saurayin da ke gefena, ya dube shi tun daga ƙafa har kai, ya ce, "Kai ne mai shi?" Hamza ya gyaɗa kai. Tsohon ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Alhamdu lillahi. Kun daɗe."

Ya ce shi ne na uku. Da ruwa ya ci Isiyaku, abokinsa Lawali ya zo ya saka rigar, don kada a rubuta cewa mai sunan ya gudu daga aiki a ɓata masa takarda. Lawali ya yi 'yan watanni, ciwon ƙirji ya kama shi. Ranar da za a fita da shi neman magani, wadda bai dawo ba, ya tuɓe rigar ya ba tsohon, ya ce amana ce, kada sunan ya yi fashi ko na yini ɗaya har mai shi ya zo. Bai gaya masa inda mai shi yake ba, ƙila shi ma bai sani ba.

Ya ce, "Tun bara nake son tafiya gida. Ƙafafuna sun gaji, jikokina ba su san ni ba. Amma wa zan bar wa?"

Na ce, "Me ya sa ka daɗe ba ka amsa ba da na kira?"

Ya waiwaya ya dubi duhun siton. "In an tafi salla wurin ya yi tsit, akan kira sunan daga ciki. Lawali ya ce kada in amsa wannan. Sai da na tabbata daga waje kuke."

Ba mu ƙara tambaya a kan haka ba. Na bayyana masa abin da ya kawo mu, ya ce ofis ba sa karɓar ajiye aiki sai an miƙa riga. Nan take ya tuɓe ta, ya tsaya da 'yar shara. Na ce wa Hamza, "Riƙe ta a hannu, ɗana. Ka shiga, ka dangwala, ka ajiye musu a tebur, halas, shi ke nan. Kada ka saka."

Ya yi dariya, ya ce, "Ya ammi, riga ce bas, ba wani abu ba. In na shiga haka za su ce min wane ne kai." Ya zura ta a kan tasa. Ta zauna masa daidai, kafaɗa da hannu, kamar telan ya auna shi.

Na bi shi har bakin ofis na tsaya, don ba a shiga da wakili wurin dangwale. Na ji mai kula da ma'aikatan ya ce, "Hamza, ka warke ke nan? Ka yi ƙiba." Aka rufe ƙofa.

Ya daɗe. Da ya fito rigar tana jikinsa, yatsansa babu tawada.

Ya ce, "Ya ammi, na yi tunani. Shekaru ina yawo da fayil, ashe ni da aiki. Leh, don me in ajiye, in zauna jiran tallafi? Sunana ne. Kujerata ce." Ya wuce ni ya nufi ƙofar baya, ya zauna, ya ɗauki kofin shayin nan ya kurɓa.

A ƙa'idar sana'a ba ni da abin cewa. Takarda ta ce Hamza mai gadi ne, ga Hamza yana gadi. Ban taɓa rufe fayil mai tsabta kamar wannan ba. Na yi masa magana har sau nawa, ya ce yalla, in tafi, in gaida Hajiya.

Tsohon ya biyo ni da ledar kayansa, zai je inda marasa takarda suke taruwa su jira a kwashe su zuwa gida. Muna cikin mota, mun yi nisa, sai ya dafa gwiwata ya ce, "Ilu. Ilu ɗan Magajiya, daga ƙasar Tasawa." Ya riƙa maimaitawa a hankali har muka shiga gari.

Hajiya Uwale ta saurare ni har na gama. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure bakin buhun kuka, ta ce, "Malam Haruna, cewa na yi ka fito min da sunan. Sai ka je ka kai masa yaron."

Hamza yana lafiya, kada ku ce na ce wani abu ya same shi. Yana zuwa gida ranar Juma'a, yana kawo wa uwarsa cefane. Ita ce take roƙona in riƙa leƙa shi a wurin aikin, don ita ba za ta taka can ba. Zuwana na baya-bayan nan, tun daga nesa ya hango ni da fayil a hammata, ya miƙe ya ɗaga murya da Hausa tsantsa, babu gargada ko ɗaya: "Kawu mai kore, yau wa za ka raya?" Na ce a raina yini yake yi da 'yan dako Hausawa, dole harshe ya warware, kuma tare suka tashi da Isiyaku, ya sha jin maganar. Muka zauna ya zuba min shayi. Aka kira azahar, ma'aikata suka watse, wurin ya yi tsit. Da zan tafi na kai bakin titi, sai na tuna saƙon Hajiya, na juyo na ce, "Hamza!"

Yana zaune a kujerarsa ina ganinsa, ya ce, "Na'am, Kawu." Na buɗe baki zan faɗi saƙon. Daga can cikin siton aka ce, "Na'am."

Shi bai waiwaya ba. Ni ma ban tambaya ba. Na faɗi saƙon na tafi.

Don haka in mutum ya zauna a gabanku ya ce na'ura ta ce yana aiki alhali ba ya yi, ku cire hannu daga kan madannan tukuna. Ku tambaye shi wa aka taɓa ara wa katinsa, in ya ce babu ku tambayi uwarsa. Ku je ku ga wanda yake zaune a cikin sunan kafin ku danna komai. In ba za ku iya zuwa ba, ku aiko min, ƙafata tana nan. Har yanzu ina zuwa siton nan in Hajiya ta aike ni. Sallama kawai nake yi daga bakin ƙofa, in ce, "Ɗan Hajiya, kana ciki?" Wannan mutum ɗaya ne yake amsa shi.